Bakanike ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, shin in yarda?

Baban Ummi, Jega

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota kafin in bari a taɓa mini inji. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 mai giya otomatik, 'yar Amurka, wadda na saya a hannun wanda ya riga ya yi amfani da ita a nan gida. Aikina yana sa ni zirga-zirga tsakanin Jega da Birnin Kebbi, wani lokaci har Yauri, kuma duk tsawon damina da hunturu ban ga wata matsala ta zafi ba. Tun da bazarar nan ta kama, na lura cewa idan na hau babban titi da rana tsaka kuma na kunna esi, allurar zafi tana barin tsakiya tana hawa a hankali, idan na kashe esi na rage gudu sai ta sauko. A cikin gari ba ta yin haka, ko da na daɗe a tsaye inji yana aiki. Ruwan lagireto kuma yana raguwa kaɗan-kaɗan, ni kuwa ina cikawa da ruwan rijiyar burtsatse ta unguwarmu.

Bakanikena ya ba ni shawara uku. Ya ce a cire tamostat, wato bawul ɗin da yake buɗe wa ruwan inji hanyar zuwa lagireto, a jefar, domin a cewarsa don ƙasashen da ake ƙanƙara aka yi shi, sannan a kira rewaya ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli, idan kuma abin bai daina ba a sauya lagireto a sa mai layi biyu, wanda suke kira dabul sel. Mutum ne da na daɗe ina hulɗa da shi kuma bai taɓa cutata ba, amma zuciyata ba ta kwanta da a cire abin da kamfani ya sa ba tare da an gano ainihin ciwon ba. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Injiniya, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam. Malam, bayanin da ka yi da kanka ya riga ya wanke fanka daga zargi. Aikin fanka shi ne ta ja iska ta ratsa lagireto a lokacin da mota take tsaye ko take tafiya a hankali cikin cunkoso. Idan kana gudun kilomita 100 a awa ɗaya a kan hanyar Koko, iskar da take bugo gaban motar ta fi wadda fanka za ta iya ja nesa ba kusa ba. Motar da fankarta ta lalace a cikin gari take zafi, ta huce a kan babban titi, taka kuwa akasin haka take yi. Saboda haka haɗa fanka kai tsaye ba zai taɓa matsalarka ba, sai dai ya gajiyar da ɗan injin lantarkin da yake juya fankar, ya ƙara wa altaneta da batir nauyi, sannan ya raba ta da kwamfutar injin wadda aikinta ne ta kunna ta idan ruwa ya kusanci digiri 95, ta kashe ta idan ya sauko.

Game da tamostat, maganar cewa na ƙasashen sanyi ne ta yaɗu a garejojinmu, amma ba ta da tushe. Motocin Toyota da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma ita wannan Corolla taka irinta tana yawo a jihar Arizona ta Amurka inda zafi yake wuce digiri 43 a lokacin bazararsu. Injin da ke cikin motarka shi ne 1ZZ-FE mai lita 1.8, tamostat ɗinsa yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, ya buɗe gaba ɗaya kafin digiri 95. Ma'ana, a lokacin da allurarka take hawa, lafiyayyen tamostat a buɗe yake wangwame, ba ya tare komai. Abin da yake yi shi ne ya hana ruwa zuwa lagireto tun inji yana da sanyi, domin inji ya kai zafin aikinsa da wuri.

Wannan zafin aikin yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Akwai na'urar da take auna zafin ruwa tana gaya wa kwamfutar motar, idan ta ga inji bai ɗumama ba sai kwamfutar ta ƙara yawan man da ake fesawa, kuma muddin zafin bai kai ba haka za ta ci gaba da yi. Da safiyar hunturu a nan Kebbi, motar da ba ta da tamostat kuma fankarta tana juyawa ba tsayawa tana iya zuwa Kalgo ta dawo inji bai ɗumama yadda ya kamata ba. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, yana gangarawa ya tsinka baƙin man da ke ƙasa, yana baƙanta fulogi, yana kuma lalata matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ba na jin akwai mai motar da zai so ya ƙara wa kansa shan mai da hannunsa. Ga masu giya otomatik akwai ƙarin abu: Toyota tana hana mota shiga giyar ƙarshe har sai ruwa ya ɗan yi zafi, don haka injin da ya daɗe da sanyi yana daɗewa a ƙaramar giya. Sau da yawa kuma fitilar inji takan kama a dashbod, idan aka sa na'urar bincike ta nuna lamba P0128. Bugu da ƙari, a injuna da yawa tamostat idan ya buɗe hanyar lagireto yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa yake bi ya koma cikin inji, idan babu shi sai wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa bai ratsa lagireto ba ko kaɗan.

Inda nake zargi a motarka shi ne lagireto ba ya iya fitar da zafi kamar da, kuma wannan yana faruwa ta waje ko ta ciki. Ta waje, kwandensar esi, wato abin da yake fitar da zafin esi, tana gaban lagireto, tsakaninsu akwai ɗan rata inda ƙurar hunturu da ƙwari da ƙaiƙayin shinkafa suke taruwa su zama kamar tabarma, kuma ba a ganinsu sai an kwance sama an leƙa da tocila. Idan ka kunna esi, kwandensa tana zuba nata zafin a kan iskar da za ta isa lagireto, a ranar da iskar waje kanta ta haura digiri 40. Ta ciki kuwa, ruwan burtsatsen da kake zubawa yana barin gasa-gasa a cikin siraran bututun. A fara da waɗannan, a duba murfin lagireto, a kuma nemo inda ruwan yake bi yana raguwa, domin lafiyayyar mota ba ta shan ruwa.

Tsohon Direba, Yauri

Salamu alaikum. Injiniya, Allah ya ƙara basira, na karanta bayaninka kuma ban musa ilminka ba, amma ka bar ni in faɗi abin da muka gani a kan hanya. Na yi shekaru ina jan Peugeot 504 ta haya, irin wadda ake haɗawa a Kaduna, tsakanin Yauri da Kontagora da Sakkwato, daga baya na koma Golf. Babu motar da ta shigo tasharmu ta kwana da tamostat a cikinta, kuma mun ga injunan da suka daɗe suna aiki a haka.

Dalilinmu ba jahilci ba ne. Tamostat idan ya lalace yana iya maƙalewa a rufe, kuma ba ya sallama kafin ya yi. Idan ya yi maka haka a dajin da ke tsakanin Koko da Yauri da fasinja cike da mota, kafin ka ankara ruwa ya tafasa, gasket ɗin da ke tsakanin gangar inji da tof silinda ya ƙone, watakila ma tof silinda ya lanƙwashe. Mai mota ba zai tambaye ka labarin digiri ba, zai ce ka kashe masa inji. Sannan a kasuwar kayan gyara ta yau, wane ne zai rantse maka cewa tamostat ɗin da aka miƙo maka a kwali mai tambarin kamfani na gaske ne? Mun sha ganin sabo fil ya ƙi buɗewa. Shi ya sa muka zaɓi mu yi asarar ɗan mai da mu yi asarar inji. Ɗana Baban Ummi, a maganar fanka dai ina tare da Injiniya, tunda motarka ba ta zafi a tsaye to ka bar wayoyinta yadda suke, don rewayan da ya fara yanka waya ba ya tsayawa a guda ɗaya.

Maman Abba, Argungu

Wa alaikumus salam. Ni ba ma'abociyar gareji ba ce, amma irin motar nan nake hawa zuwa aiki, kuma abin da zan yi magana a kai shi ne ruwan da ake zubawa. Malam, ka leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanka, za ka ga farin abu ya daskare a gindinta, to abin da ruwan burtsatse yake yi wa lagireto ke nan, ga shi kuma bututunsa sirara ne ƙwarai. Ruwan leda ma bai tsira ba, domin akasarinsa daga burtsatse ake ɗebo shi. Tsurar ruwa yana kuma cin ƙarfe da alminiyon, yana kawo tsatsar da take mayar da ruwan lagireto ja kamar na kududdufi.

Kulan na gaskiya, wato ruwan lagireto na musamman, ba launi ba ne kawai, yana ɗauke da sinadaran da suke hana tsatsa, kuma yana ɗaga matakin da ruwa yake tafasa. Na Toyota iri biyu ne da na sani: ja, wanda ake haɗawa da tataccen ruwa rabi da rabi, da ruwan hoda wanda yake zuwa a haɗe, ba a ƙara masa komai. A kula da masu sayar da ruwa mai launi a galan da sunan kulan, kuma idan za a sayi tataccen ruwa a wajen masu batir a tabbatar ba mai asid ba ne.

Ina roƙonka da wata alfarma saboda iyalinka: kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ko da an ba ka tsumma an ce ka danne. Idan allura ta doshi ja, ka kashe esi, ka sauka gefen hanya, ka jira ya huce da kansa, kuma kada ka yarda yaran bakin hanya su kwara wa inji ruwan sanyi.

Injiniya, Birnin Kebbi

Baba Direba, Allah ya ƙara girma. Maganarka kan maƙalewar tamostat da jabun kaya gaskiya ce, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu cire tamostat suke da ita. Sai dai motar da ka ja da wadda ake magana a kai ba ɗaya ba ne. Peugeot 504 da aka saba da ita a nan kafireto gare ta, babu kwamfutar da take kallon zafin ruwa tana sauya yawan mai, don haka abin da aka rasa idan aka cire mata tamostat bai kai na motar yau ba. Gangar injinta kuma ƙarfen zubi ce, ita kuwa Corolla ɗin nan gangarta da tof silindarta duk alminiyon ne, an ƙera su ne su yi aiki a wani ƙayyadadden zafi.

Matsalar jabu tana da magani mai sauƙi wanda bakanike zai iya yi a gaban mai mota. A ɗaure tamostat da waya a saka shi a tukunyar ruwa ba tare da ya taɓa gindinta ba, a ɗora a wuta, a sa ma'aunin zafi. Lafiyayye zai fara buɗewa a kusa da lambar da aka buga a jikinsa, ya buɗe sosai kafin ruwa ya tafasa, ya kuma rufe ruf idan ya huce. A gwada tsohon da sabon tare. Na yarda da kai cewa idan ya maƙale wa mutum a daji, cire shi domin a isa gari daidai ne, amma wannan dabarar fita kunya ce ta rana ɗaya, idan an isa gida a mayar da wani.

Akwai abin da yake rage fargabar da ka ambata. Allurar dashbod a yawancin motocin zamani takan zauna a tsakiya duk da zafin yana sauyawa sosai, sai abu ya yi nisa take motsawa. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da soket na bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma akwai ƙaramar na'ura da ake sokawa a ciki ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth, ta nuna ainihin zafin ruwa da lamba. Wanda yake doguwar tafiya da ita zai ga zafi yana hawa tun allura ba ta motsa ba.

Baban Ummi, Jega

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba da Hajiya da Injiniya. Na koma gareji na roƙi bakaniken mu fara dubawa kafin a cire komai, bai ji daɗi ba da farko amma ya yarda. Da aka kwance sama aka leƙa tsakanin kwandensa da lagireto, mun tarar kusan rabin fuskar lagireton ta ƙasa a toshe take da ƙura da ƙaiƙayi. Robar murfin lagireto ta tsage, kuma akwai farin tabo a gefen tankin roba na sama inda ya haɗu da alminiyon, wanda ya ce nan ruwan yake tsattsafowa. Da muka leƙa ciki ta bakin murfi, bakunan bututun sun yi fari da gasa-gasa. Tamostat yana nan, mun dafa shi kamar yadda aka ce, ya buɗe amma ba sosai ba. Mun kuma ga an taɓa yanke tiyon hita an haɗe su waje ɗaya, kuma faifan robar da ke ƙarƙashin gaban motar babu shi.

Yanzu tambayata biyu ce. Bakaniken yana cewa a kai lagireton wajen masu wanki su buɗe tankin su zura ƙarfe su share bututun, ko kuwa in sayi dabul sel ɗin nan. Sannan ta yaya zan tabbatar gasket bai riga ya taɓu ba, tunda allurar ta hau fiye da sau ɗaya, ko da yake ba ta taɓa shiga ja ba?

Mai Gyaran Lagireto, Birnin Kebbi

Ranka ya daɗe, wannan sana'ata ce, don haka bari in amsa ta farkon ko da amsar za ta hana irina ciniki. Lagireton da muka gada na tagulla ne, ana narka dalma a buɗe shi, a share, a mayar a liƙe, ya koma kamar sabo. Na motarka tankin roba ne da aka danne a kan alminiyon da ƙananan haƙora, akwai roba a tsakani. Ana iya buɗe shi, muna kuma yi, amma haƙoran suna raunana idan aka miƙe su aka sake lanƙwasawa, kuma tankin da ya riga ya fara tsagewa saboda tsufa ba ya jure matsi, ko an shafa masa gam zai sake buɗewa a gefe. Tunda naka yana yoyo kuma cikinsa ya toshe, sauyawa ya fi maka. Dabul sel ba laifi ba ne idan mai kyau ne kuma ya zauna daidai har gidan fanka ya rufe shi ba rata, amma ba dole ba ne, domin sabon lagireto mai girman na asali ya ishi wannan injin. Abin da za ka tsaya a kai shi ne a ba ka na giya otomatik, wanda yake da ƙananan bakuna biyu a tankin ƙasa inda man giya yake shiga ya huce, kuma bayan an ɗaura a duba man giyar a cike abin da ya zube.

Murfi kada ka raina shi don yana da araha. Tsurar ruwa a digiri 100 yake tafasa, amma matsin da murfi yake riƙewa tare da kulan yana kai matakin tafasar sama da digiri 120, murfin da robarsa ta tsage kuwa yana barin ruwa ya tafasa da wuri ya gudu. Ka duba lambar da ke kan tsohon, za ka ga 0.9 ko 1.1, ka sayi mai lamba iri ɗaya. Tamostat da ya buɗe rabi a sauya shi, kuma wajen ɗaurawa ɗan ƙaramin bawul mai motsi da ke gefensa ya kalli sama domin iska ta samu hanyar fita. A wanke kwandensa daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota yana kwantar da siraran fukafukanta. Faifan ƙasan nan ma ka nemi na Beljiyam a mayar, yana taimakawa iska ta bi ta lagireto maimakon ta zille ta ƙasa. A kuma duba wata-famfo ko yana ɗiga ko yana ƙara, da fambel da yake juya shi.

Game da gasket, da safe kafin a tayar da mota ka buɗe murfi ka cika ruwa har baki, sannan a tayar. Idan kumfa tana ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba, akwai alamar hayaƙi yana shiga cikin ruwa. Ka duba ƙarƙashin murfin baƙin mai da sandar awo ko man ya koma kalar shayi mai madara, ka kuma lura ko salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya yi zafi, ko inji yana rawa da farkon tashi. Wasu garejoji suna da ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda yake komawa rawaya idan akwai hayaƙi a ciki, kuma shi ya fi tabbas. A yi wannan gwajin kafin ka sayi lagireto, domin idan gasket ya taɓu lissafin kuɗin zai sauya gaba ɗaya. Idan komai lafiya, a wanke cikin injin da ruwa mai tsabta har ya fito fari kafin a ɗaura sabon, a zuba kulan wajen lita 6 da rabi, a bar inji yana aiki murfi a buɗe har tamostat ya buɗe iska ta gama fita, sannan washegari da safe ka sake duba ruwan ka cike abin da ya sauka.